Farin da ke Ƙafar Kujera

Gwadabe mai hayar kujeru a Ƙofar Durbi ba ya ba da kujera sai ya kifa ta ya duba ƙafafunta. Da facin bokiti ya fara sana'a tun yana saurayi, da ɗan ƙarfensa cikin garwashi. A nan ya lura roba ba ta karyewa haka kawai. Duk inda nauyi ya matsa mata, wurin kan yi fari tukuna, ko ja ce ko shuɗiya. Da ya koma hayar kujerun biki, sai ya zama duk wadda farin ya kama ya ajiye ta gefe.

Guda ɗaya ce ta gagare shi. Baba Abbas, aminin mahaifinsa marigayi, mutum ne mai jiki, kuma kullum bayan la'asar yakan zo majalisar ƙofar shagon ya zauna a wata shuɗiyar kujera. Farin ya fito a ƙafafunta na baya, yana hawa a hankali. Gwadabe ya san ƙarshen abin: dattijo a ƙasa, a bakin titi, a gaban 'yan acaɓa.

Ya gwada musanya ta da sabuwa. Baba ya zauna, ya motsa, ya ce, "Wannan ba tawa ba ce, Gwadabe. Ina wadda ta san bayana?" Dole aka fito da ita.

Maganin sananne ne, a haɗa kujera biyu, ɗaya cikin ɗaya. Amma kowa a garin nan ya san wanda ake yi wa haka a wurin biki, kuma Gwadabe bai ga bakin da zai faɗa wa aminin ubansa ya yi nauyi ba.

Ran wata Laraba 'yan majalisa suka iso suka tarar da kujerun duka biyu-biyu, shuɗiyar tana bisa wata sabuwa. Gwadabe, wanda ba shi da kauri ko kaɗan, yana zaune a kan nasa biyun.

Habibu tela ya ce, "Malam Gwadabe, kai da iska ke ɗauka, me za ka yi da biyu?"

"Wuri ya yi kaɗan a shago," in ji Gwadabe, idonsa a ƙasa.

Baba Abbas ya iso, aka gaisa, aka tambayi gida da jiki. Ya tsaya ya dubi kujerun ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan tasa. Sannan ya tattara riga ya zauna, ya jingina sosai.

"Ka ƙyale shi, Habibu," ya ce. "Yaron nan ƙiba ya fara. Ni na daɗe da lura."

Gwadabe ya tashi ya ɗora shayi.