Kifi Mai Jan Fenti

Ina jiran mota a tasha, ina kallon wani mai gyaran sandar fatsa. Siriri ne kamar hajarsa, tabarau ɗinsa ma da zaren fatsa ya ɗaure. Hannun nan fes, da gani bai taɓa riƙe ɗanyen kifi ba.

Sai ga wani mai tumbi da karyayyar sanda, matarsa na biye.

"Wani ƙaton kifi ne ya karya ta, maigyara," in ji mai tumbin.

Maigyara na duba karayar. Jan fenti ne a wurin, irin na ƙofar motarsu sak. Matar na miƙo wuya, sai ya sa farce ya kankare.

"Lallai an sha kokawa, yallaɓai."

Na tsufa ban ga kifi mai fenti ba. Ashe ba sanda kaɗai bawan Allahn nan yake wa ɗori ba, har da girman maigida.