Sunaye Biyu a Takardar Dakta Kalilu

Shekara goma sha ɗaya Dakta Kalilu Gumel ya yi yana koyar da tarihin shari'a a Kuala Lumpur, amma Malayancinsa bai wuce na yin odar abinci a shagon cin abinci na mamak ba. Mutum ne mai tsantseni. Ko saƙon waya zai tura sai ya sa aya da waƙafi. A unguwar Setapak yake zaune, hawa na tara, da matarsa Saudatu da 'ya'yansu maza biyu, Fatihu da Hadi.

Darasin da ya fi so shi ne na dokar da Rumawan dā suka yi kan 'yanta bayi ta wasiyya. Mai bawa uku, biyu kawai zai 'yanta. Mai talatin, goma. Komai yawan bayin mutum, ba zai wuce ɗari ba. Kuma sai ya ambaci kowa da sunansa. Wanda sunansa ya faɗo bayan adadi ya cika, yana nan a bawansa. Masu wayo sukan rubuta sunayen a da'ira don kada a san na farko, sai doka ta ce a haka babu wanda ya 'yantu. Yakan gaya wa ɗalibai cewa doka ce mai tsari, ba ta bar wa kowa kafar zillewa ba.

A watan Yulin 2021 cutar korona ta ɗauke Fatihu, yana da shekara ashirin da uku. Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti, ba wanda ya gan shi. Da hantsi aka bugo waya daga asibitin: ma'aikata ne za su shirya shi, mutum biyu za a bari su ga fuskarsa ta bayan gilashi, su kuma bi shi maƙabarta. A turo sunaye kafin azahar.

Sunan Hadi ba shi da makawa, shi ke jin Malayanci, shi zai cike takardu. Saura gurbi ɗaya.

Fatihu ɗan fari ne. Saudatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wannan yaron", ba ta kuma taɓa zama kusa da shi a gaban mutane ba. Ta tsaya a ƙofar kicin, hannunta a jiƙe.

"Malam," ta ce, "ban taɓa kallonsa sosai ba."



Alhaji Sirajo, dattijon 'yan Arewa na unguwar, ya kira don yin ta'aziyya, ya ji abin da ake ciki.

"Haba Dakta! Mace a maƙabarta, uba yana gida? Me za mu ce wa mutanen Gumel?"

"Ni zan gaya musu, Alhaji."

"Kai fa malamin doka ne. Ka rubuta uku mana, in kun je a roƙe su."

"In suka mayar da mu duka fa?"

Alhaji ya ce Allah ya ba da haƙuri.

Dakta ya rubuta sunan Saudatu da lambar fasfonta, ya duba sau biyu, ya tura. Ya raka su har bakin lif. Da ya dawo ya yi alwala, ya zauna a kan darduma da wayar a gabansa, yana jiran Hadi ya kira ya ce an sa Fatihu a ƙasa.