Rabin Addu'ar Mai Filaya

Babana bai taɓa mayar wa mutum carbin da ya gyara masa ba sai ya ja shi da addu'a, tun daga gicciye har ya zagayo. Dokarsa ke nan, kuma ban san wanda ya kafa masa ita ba.

Sana'arsa ta ainihi gyaran ƙananan kaya ce. Yana da wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tashar mota, in ka buɗe hannuwa sai ka taɓa bangon nan da na can. A ciki yake gyaran tabarau mai karyayyar ƙafa, da lemar da iska ta juya, da zif ɗin jaka. Mutanen layin ba su san shi da wani suna ba sai Mai Filaya, saboda wata siririyar filaya da ba ta barin aljihun rigarsa ko a coci. A bango ya manna hoton Waliyyi Yusufu, mijin Maryamu, riƙe da kayan kafinta. In aka tambaye shi me ya sa shi ya zaɓa a cikin dukan waliyyai, sai ya ce, "Ku duba Littafi Mai Tsarki, ko kalma ɗaya ba a rubuta ya faɗa ba. Aikinsa ya yi ya koma gida. Ina ma autata za ta yi koyi da shi." Ni ce autar, kuma ban yi koyin ba.

Gyaran carbi kuwa a gida yake yinsa. Ranar Lahadi in an tashi daga Misa, wato sujadar coci, mutane sukan tare shi a bakin ƙofa, wannan ta ƙulle nata a hankici, wancan ya zubo nasa a ambulan. In ya rufe shago da yamma sai ya zauna a teburin da ke dab da ƙofar kicin, ya zube ƙwayoyin a faranti don kada su gangare, ya yanko waya, ya lanƙwasa 'yar ƙugiya, ya sarƙa, ya matse. In ƙwaya ta ɓata, yana da gwangwanin madara cike da ragowar na wasu, ya yi ta tonawa har ya samo mai kama da ita. Sannan gwaji. Yakan ce ido ba ya ganin wayar da ta yi sako-sako, sai yatsa, kuma shi yatsansa ba ya tafiya daidai in bakinsa a rufe yake.

To, addu'ar Rosari, kowace ƙwaya da gaisuwar Maryamu ɗaya, ita kuma gaisuwar rabi biyu ce. In mutum biyu ne, ɗaya ya ja rabin farko, ɗayan ya amsa da na biyu. Baba yakan fara daga teburinsa, "A gaishe ki Maryamu, cike da alheri," har ya kai inda nasa ya ƙare. Mama kuwa daga kicin take amsawa, hannunta cikin ruwan wanke-wanke, ko juyowa ba ta yi. Takan kai ƙarshe ta ce, "Yanzu da lokacin mutuwarmu, amin, Auta, sauke tukunyar nan kafin ta kama!" duk da numfashi ɗaya. A cikin wannan na girma. Kunnena ya saba da shi yadda ake sabawa da ƙarar fanka, har na daina jinsa. Da na samu aiki a shagon magani na kama ɗakina a wata unguwa, ko sau ɗaya ban yi kewarsa ba.

Ciwon Mama bai ja lokaci ba. A asibiti carbinta na naɗe a wuyan hannunta, wani baƙi ne na katako da ƙwayoyinsa suka sule don ja. Ranar da aka zo sauya mata gado ya maƙale a ƙarfe ya tsinke. Ni na durƙusa na tsince ƙwayoyin a ƙarƙashin gadaje, na ƙulle su a gefen ɗankwalina. Ba ta sake farkawa ta tambaye shi ba.

Ana naɗa wa mamaci carbinsa a hannu kafin a rufe akwati. Baba ya karɓi ƙullin, ya zauna a teburinsa gida cike da masu gaisuwa, ya haɗa shi tsaf. Da safen jana'iza na je karɓa.

"Ban gama ba," in ji shi.

"Baba, ga shi nan a haɗe ina gani."

"Ban gwada ba."

"Wa zai ja shi a can da za ka gwada? Mota tana jira."

Ya dube ni kamar wata baƙuwa ce ta shigo tambayar hanya, ya ɗauki carbin ya sa a aljihu tare da filaya. Wata Sistar coci ce ta ciro na roba fari daga jakarta, irin wanda ake raba wa yara, da shi aka rufe uwata. Na ji haushin Baba, haushi mai tsanani, kuma shi ne abu na ƙarshe da na ji sosai na tsawon lokaci.

Na kwaso kayana na dawo gida don kada ya zauna shi kaɗai. Bai yi kuka ba, ni ma da aka kwana biyu nawa ya ƙafe. Ya koma shago. In na ajiye abinci ya ci, in na manta gishiri bai ce komai ba, in na zuba sau biyu ma bai ce komai ba. Mukan zauna a falo rediyo na magana, in ya yi shiru don batir ya mutu sai mu daɗe ba wanda ya lura. Ranar Lahadi ya sa farar rigarsa ya je Misa, ya tashi inda ake tashi, ya durƙusa inda ake durƙusawa. Mutane suka ci gaba da miƙo masa carbi, yana karɓa, yana gyarawa. Sai dai ba ya mayarwa. Ya buga ƙusoshi a bango saman teburin, in ya gama ɗaya ya rataye. Bangon ya cika har ya zama kamar na mai sayarwa.

Akwai wata tsohuwa 'yar mawaƙan coci da muke kira Iya Babbar Murya. Ita ba ta san kara ba. Ta tare ni a bakin ƙofar coci ta ce, "'Yar nan, ubanki ya buɗe gidan yari ne na carbi? Nawa ya shiga tun ina da haƙoran gaba. Da yatsu nake ƙirga addu'a yanzu, ga su duk sanyi ya lanƙwashe, rabin lokaci ban san inda na tsaya ba." Na ba ta haƙuri. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Ban gwada ba." Na ce to ya gwada mana, ko ya ba ta kayanta haka nan, carbi ne ba birkin mota ba. Ya ci gaba da goge filayarsa.

Fada, limamin cocinmu, shi ma ya zo, wani dattijo mai sanyin magana. Ya zauna a kujerar Mama bai sani ba. Ya tambayi Baba ko yana addu'a, Baba ya ce, "Ina farawa." Fada ya ɗauka bushewar zuciya ce, sai ya yi masa bayani mai kyau. Ya ce a cikin waliyyai akwai waɗanda suka yi shekaru suna addu'a ba su jin komai, kamar mai magana da bango, kuma ba su bari ba. Ya ce sau da yawa a nan mutum yake girma, lokacin da daɗin ya tafi ya rage sai riƙon. Baba ya yi ta gyaɗa kai. Da Fada ya gama sai ya ce, "Fada, kawo tabaraunka, ƙafar hagu ta saki." Ya ɗaure masa, ya raka shi bakin titi. Ni kaina na so maganar ta shige ni, amma ta tsaya a kunne.

Wata rana ciwon kai ya sa na baro aiki da wuri. Ƙofar falo a buɗe take, na tsaya ina cire takalmi, sai na ji muryarsa. Yana zaune a teburin, ya ba ni baya, carbin Mama a hannunsa.

"A gaishe ki Maryamu, cike da alheri, Ubangiji yana tare da ke." Ya ja har ƙarshen rabinsa, ya yi shiru. Kansa ya ɗan karkata wajen ƙofar kicin. Famfo na ɗiga a ciki. Ya jira, ya jira, yatsansa na kan ƙwayar bai matsa ba. Can ya sake farawa daga farko a kan wannan ƙwayar dai, ya sake kaiwa wurin, ya sake tsayawa.

Na shigo da takalmi ɗaya a ƙafa. "Baba, ai ka san sauran."

Bai firgita ba. "Na sani."

"To ka faɗa mana."

"Ba nawa ba ne." Ya juya ƙwayar a tsakanin yatsunsa. "Ina zuwa nan sai bakina ya tsaya. Ba ciwo nake ji ba, Auta, ba na jin komai. Tsayawa kawai yake yi."

Ni rabona da jan carbi tun ina makaranta, kuma ba wani abu da ya motsa a raina, sai ciwon kan da na zo da shi. Na wuce kicin don kwanukan safe na nan jibge. Na buɗe famfo, na sa hannu a ruwa. A bayana na ji ya sake ɗaukowa, da muryar nan tasa marar hawa da sauka, ya zo wurin ya tsaya.

Na ce, "Maryamu mai tsarki, Uwar Allah, ki yi addu'a domin mu masu zunubi, yanzu da lokacin mutuwarmu, amin." Ina faɗa ina cuɗa cokali.

Sai ya ce, "Kin cika sauri. Uwarki ba ta gudu haka."

"Ita ma gudu take yi, Baba, kai ne ba ka lura."

Na ji 'yar ƙarar ƙwaya ta matsa, ya shiga ta gaba. Haka muka tafi, shi yana ja ina amsawa. Ban ji wani haske ya sauko ba, kuma ban ga alamar shi ya ji ba. Na gama kwanuka na koma goge murhu don hannuna ya samu abin yi. A tsakiya ya ce in dakata, na ji filaya ta yi ƙas sau ɗaya, ya ce, "Kin ga, da ma na san akwai wadda ta saki," sannan muka ci gaba. Na Iya Babbar Murya washegari muka yi shi, sauran na bangon kuma suka bi baya a hankali har ƙusoshin suka zama wayam.

Amma a ranar, da muka zagayo gicciye, sai na ji kujera ta ja baya. Na juyo hannuna na ɗigar ruwa. Yana tsaye a ƙofar kicin, ya naɗe carbin a tafin hannunsa yadda yake yi wa na kowa in zai mayar, ya miƙo shi ciki. Idonsa ba a kaina yake ba, yana kan wurin da take tsayawa a gaban famfo, inda nake tsaye.

"Na gama," in ji shi. "Mai shi ta zo ta karɓa."

Na goge hannuna a zani na karɓa.