Mai yankan farce na bakin kasuwar Wuse

A shekarun da nake aiki a wata ma'aikatar tarayya, kusan kowace Juma'a kafin masallaci nakan biya ta bakin kasuwar Wuse a yanke mini farce. Mai yankan wani dattijo ne siriri mai fara'a, ɗan ƙauye da noma ya kasa riƙe shi ya shigo Abuja. A Nyanya yake kwana, kullum ya sha cunkoson motoci ya iso da ƙaramin almakashinsa da kwalbar ruwan sabulu. Ina ce masa Baba, yana ce mini Oga. Na san matarsa ta rasu, na san yana da 'ya ɗaya mai aure a gida.

Wata Juma'a na iso na tarar an yi masa zobe. Wani matashi mai shagon takalma ya shaƙe masa wuyan riga, yana nuna wa jama'a yatsansa da ɗan ɗigon jini.

"Da gangan ya yanke ni! Yana da ƙanjamau, kuma ya sani. Maƙwabcinsa ya gan shi a layin karɓar magani. Wallahi sai an ɗaure shi!"

Baba bai musa ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Hannu ne ya zame, ɗana, hannu ne ya zame." Mutanen da ya yi shekaru yana riƙe ƙafafunsu sai ja da baya suke yi. Da aka tasa shi zuwa ofishin 'yan sanda na bi su, a hanya kuma na kira wata abokiyar aikina, lauya ce, na roƙe ta ta zo.

Kafin ta iso na zauna kusa da shi a kan benci. A nan ya gaya mini cewa sai bayan rasuwar matarsa aka gwada shi aka gano. Tun lokacin bai taɓa fashin shan magani ba, kuma bai sake aure ba, don kada ya ja wa 'yar wani.

"Oga, ni da na haƙura da aure, zan sa wa mutum ciwo a kan farce?"

Lauyar ta saurari kowa, sannan ta yi wa jami'in da ke bakin aiki bayani a natse. Ta ce samun cutar a jikin mutum ba laifi ba ne. Inda doka take hukunci a kan wannan, tana magana ne a kan wanda ya san yana da ita kuma ya yi nufin sa wa wani, kuma dole a kawo hujja. Ta ƙara da cewa akwai dokar da ta hana tsangwamar masu cutar da tona musu asiri. Sai ta juya ga mai takalman.

"Ɗan'uwa, kai asibiti ya kamata ka fara zuwa, ba nan ba."

Sai ga shi ya fashe da kuka. Ashe matarsa na da ciki, tsoro ne ya rufe masa ido. Tausayinsa shi ma ya kama ni, da aka sallami Baba na ɗauke shi da matashin a motata muka tafi asibiti.

Likitar da muka samu ta tambaya ko Baba ma ya yanke, har jininsa ya taɓa ciwon. Aka ce a'a. Ta ce to, cutar ba ta tsallakowa daga hannu zuwa hannu. Hanyoyinta su ne saduwa ba kariya, da jini, da allura ko reza mai jinin mai cutar, da kuma uwa zuwa jariri idan ba a sha magani ba. A wurin yankan farce, in ji ta, abin lura shi ne tsabtar ƙarfen tsakanin wannan mutum da wancan, ko wane ne ke riƙe da shi. Ta ce wanda yake shan maganinsa yadda ya kamata, ƙwayar takan kwanta har a kasa ganinta a gwaji. Ta gwada matashin ba ta ga komai ba, ta ce ya dawo bayan 'yan watanni a sake, don hankalinsa ya kwanta.

Ba a kai magana kotu ba. Gwaji na biyu ma ya fito lafiya lau, matashin ya je har Nyanya ya ba Baba haƙuri. Amma labari ya riga ya zagaye kasuwa. Sai Baba ya wuni a zaune, babu mai miƙo masa hannu sai ni da wasu tsiraru. Ƙarshe ya tattara ya koma Tungan Maje, wurin wani ɗan garinsu, ya kama sayar da lemo a bakin titi.

Na tsaya wurinsa wata rana a hanyata ta Gwagwalada. Ya yi ƙiba, yana fere lemo yana ciniki da direbobi. Na tambaye shi batun magani, ya ce an mayar da shi asibitin da ke kusa, ya huta da doguwar tafiya. Ya ce abu ɗaya rigimar nan ta sa ya yi: ya kira 'yarsa ya gaya mata da bakinsa, kafin ta ji a wurin wani.

"Me ta ce, Baba?"

"Faɗa ta yi mini, wai don me na ɓoye. Yanzu kullum da safe sai ta bugo waya ta ji ko na sha."