Kawu da Albasa a Farkon Fim

Shekarar da na buɗe ɗan shagon kwamfuta a Wurno, aikina bai wuce buga takardu da gyara hoton fasfo da haɗa bidiyon biki ba. A shagon na san wani ma'aikacin jinya da ke aiki a Rabah, Kirista ne daga Filato, kowa Likita yake ce masa. Ya zo buga wata takarda, ya tarar ina kallon fim ɗin 'yan leƙen asiri, sai ya jawo benci ya zauna. Tun daga ranar, duk sanda ba ya aiki sai ya hau babur ya taho.

Wata rana ya nuna mini wani abu a wayarsa. Ashe akwai mutane a ƙasashen waje da ke zama a ɗakunansu su ƙirƙiri farkon irin waɗannan finafinai, wato wurin nan da sunaye ke fitowa, inuwar mutum na tafiya cikin hayaƙi da launuka, kiɗa na tashi. Ba don sayarwa suke yi ba, sha'awa ce kawai.

Ya ce, "Kana da kwamfuta, ina da waya mai kyamara mai kyau. Me ya rage mana?"

Na ce, "Iyawa."

Muka dinga kallon bidiyon masu koyarwa, muna tsayarwa muna gwadawa. Manhajar ta fi ƙarfin kwamfutata. In na ba ta umarni ta haɗa aiki, sai in tafi sallar la'asar in bar Likita yana gadinta, in dawo in same shi yana yi mata fifita da kwali, aikin ko rabi bai kai ba. Hayaƙin da ke cikin manhajar bai yi mana ba, sai muka cika kwalba da ruwa muka riƙa ɗiga zoɓo mai kauri a ciki, muna ɗauka. Da na rage masa gudu a kwamfuta, jan nan ya riƙa sauka yana murɗewa kamar gajimare, muka tsaya muna kallo baki buɗe. Da'irorin da ke juyawa kuwa albasa ce. Na yanka ta siriri, na ɗaga wa hasken ƙofa, muka ɗauka, na sa ta tana juyawa. Wanda bai sani ba zai rantse wani dogon rami ne na ƙarfe.

Saura mutum. Likita ya fara gwadawa, amma da ya juyo ya kalli kyamara sai dariya ta ƙwace masa. Ni kuma ya ce tafiyata ta mai sauri zuwa bayan gida ce. Muna cikin wannan Kawu ya shigo sa wayarsa caji. Ƙanin mahaifiyata ne, dillalin albasa, dogo, mai tafiya a hankali kamar ba abin da ya taɓa tayar masa da hankali. Ya tsaya yana kallon Likita yana kai da kawowa.

Ya ce, "Mi ya samu Likita? Ciwon ƙahwa ne?"

Na yi masa bayani. Ya ce, "Wanga ba tahiyar manya ba ce. Matsa ka gani."

Ya taka daga bakin ƙofa zuwa tebur, ya tsaya, ya juyo da kai kaɗai, ya zuba mana ido. Likita ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, ai kai muke nema!"

Ranar da muka sa, na aro koren zanen Innata na ɗaure a bangon bayan shago. Dabarar ita ce, kwamfuta za ta cire duk abin da yake kore ta sa hayaƙinmu a madadinsa. Kawu ya iso ya sha ado, da rigar da yake zuwa masallacin Juma'a da ita. Likita ya zaro bindigar roba irin ta wasan yara ya miƙa masa.

Kawu bai karɓa ba. Ya ce, "Aje abin ga, Likita. Ƙauyukkanmu sun ga ta gaske, ta ishe mu. Kuma kai," ya juyo gare ni, "kada ka rubuta ɗan leƙen asiri bisa hotona. Yanzu in anka ce mutum shina kai labari, ba wasa ba ne."

Likita ya mayar da ita aljihu. Ya fi mu sanin abin da Kawu ke nufi, don shi ke wanke raunukan waɗanda ake kawowa daga ƙauyukan Rabah. Na ce, "To Kawu, in ka juyo mi za ka yi da hannunka?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da albasa guda, ja, ƙatuwa. Ba ya rabuwa da samfur. Ya ce, "In jehe ku da wagga."

Haka aka yi. Ya tako, ya tsaya, ya juyo, ya wurgo ta. Ba mu zaci zai iya saiti haka ba, ta doki wayar daidai, ta tuntsuro daga kan kujerar da muka jingina ta. Likita ya yi tsalle ya cafe ta kafin ta kai ƙasa. Da muka duba, sai ga albasar ta taho tana girma har ta cika fuskar wayar. Daga nan kawai zan haɗa da da'irorin nan masu juyawa. Ko da gangan muka shirya ba za mu samu haka ba.

Sai da na ɗora a kwamfuta na danna cire kore na gane abin da ya faru. Rigar Kawu koriya ce. Ta tafi tare da zanen Inna. Abin da ya rage shi ne kai da hula suna yawo cikin jan hayaƙi, da tafin hannu guda riƙe da albasa, can ƙasa kuma takalma suna takawa su kaɗai.

Kawu ya sunkuyo yana kallo. Ya ce, "Ina jikina?"

Likita ya fita waje da gudu, ina jin shi yana tari saboda dariya. Ni na daure ina ta bayani, Kawu bai saurare ni ba. Ya ce in maimaita masa. Na maimaita. A karo na gaba kafaɗunsa suka fara rawa, ya zauna a benci yana share hawaye da hannun rigar da ta jawo abin.

Mun sake ɗauka da farar riga, ta fito yadda muke so. Na mayar da shi baƙar inuwa, Likita ya yi kiɗan da bakinsa da bayan bokiti, na ƙara masa amo, sunayenmu suka riƙa fitowa daga cikin zoɓo. Duka bai fi tsawon shan kofin shayi ba, amma mun yi makonni a kansa. Kawu ya ce a tura masa duka biyun, mai jiki da marar jiki.

Ranar kasuwar Goronyo ya matsa sai mun raka shi. A rumfar 'yan albasa ya zauna kan buhu, ya kunna waya, dillalai suka yi masa rumfa da kawunansu. Mai kyan, wanda muka sha wahala a kai, suka ce madalla. Marar jikin kuwa sai da aka kalle shi har wayar ta yi zafi. Wani ya je ya kira masu lodin mota, wani ya ce a tura masa ya kai wa iyalinsa.

Can wani dattijo mai sayen albasa ya ce, "To, mun ga ya jehi mutum. Wa ya jehwa? Mi anka yi mai?"

Na buɗe baki zan ce iyakarsa ke nan, farko ne kawai, babu sauran fim. Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya gyara zama, ya fara: wai wasu ne suka sace irin albasa na ƙasar nan kaf suka ɓoye a ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo, shi kuma aka tura shi ya shiga ruwa ba tare da kowa ya gan shi ba, shi ya sa ya bar jikinsa a gida. Yana faɗa yana ƙarawa, jama'a na ta tambaya, shi ko ba ya rasa amsa. Har kwalekwale mai tashi sama ya shigo labarin.

Ni da Likita muka koma gefe muka sayi rake. Yana ɓare nasa ya ce, "Kwalekwale mai tashi. Kwamfutarka za ta iya?"

Na ce, "Sai dai ka sayo babban mafici."

Wani mai mota ya zo yana kiran Kawu a kan lodinsa. Kawu ya ce ya dakata tukuna, yanzu ya iso ƙofar ɓarayin.