Gindin Tsamiya

Jiya a hanyar Gurbin Bore na ce wa ɗan kabu-kabu ya sauke ni Gindin Tsamiya. Ya waiwayo ya ce, "Ina ke nan, Malam? Ko inda aka kwashe mutane bara?"

Sai kakana ya faɗo mini a rai. Tsamiyar ta faɗi tun ba a haife ni ba, amma bai taɓa sakin sunan ba. Wata safiya bayan ruwan shuka, ƙasa na ƙamshi, ya dogara sandarsa a fili fetal, ya ce, "Har nan inuwarta ke kawowa. Nan innata ke aje muna fura."

Yau da masifa ake kwatancen gonakinmu. Allah ya jiƙanka, Kaka. Allah ya nuna mana ranar da za a ce Gindin Tsamiya, kowa ya gane.