Tukunyar Gidan Muntaka

Duk Rafin Tsamiya, wani ƙauye da ke gaba kaɗan da Kunci, babu wanda zai ce ya taɓa ganin Malam Iliyasu yana sauri. Ko ruwa ne ya tsuge yana gona, sai ya saɓa fartanya ya taho a hankali kamar hadarin na wani gari ne. Wasu na cewa haƙuri ne, wasu na cewa tawakkali. Ba ko ɗaya. Zuciyarsa ce ta yi irin abin da ƙafa ke yi idan an daɗe zaune a kanta: tana nan dai, amma ko an mintsine ta sai daga nesa ake ji.

Shi ne babban ɗan marigayi Muntaka, kuma tun yana ɗan shekara tara yake bin shanun huɗa. Gidansu gidan gandu ne, wato uba da 'ya'yansa maza su yi noma a gona ɗaya, su zuba a rumbu ɗaya, su ci a tukunya ɗaya. A wannan yanki da gona ke manne da gona, ko kashin akuya ne ya faɗi a kan iyaka sai an san mai shi, raba gandu raba yunwa ne kawai. Shi ya sa da ciwon ajali ya kwantar da Muntaka bai tsaya lissafa fili ko dabba ba. Ya haɗa hannun Iliyasu da na ƙanensa Sabiru, ya ce, "Kada a raba tukunya." Iliyasu yana da shekara talatin da biyu a lokacin, Sabiru yana da sha tara.

Ya kuwa riƙe maganar. Shi ya yi wa Sabiru aure da geron gandu. Shi ya sayar da bijimi ya ba shi jari da ya ce zai gwada sayen riɗi a ƙauyuka yana kaiwa kasuwar Dawanau. Allah ya sa wa abin albarka: riɗi ya haifi babur, babur ya haifi shago a Ungogo, shago ya kai Sabiru Makka. Daga nan abubuwa suka riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba ko cacar baki. Da farko Sabiru ya daina fitowa gona, yana turo 'yan ƙwadago. Can ya rushe ɗakunan ƙasa na sashensa ya tayar da na bulo, ya ɗora sola a sama. Sannan matarsa Furera ta ce hayaƙin kara yana tayar mata da tari, aka sayo mata murhun gas ta koma girki a sashenta. Hure, matar Iliyasu, ta ci gaba da hura kara a tsohon madafi.

Amma zaure ɗaya ne har yanzu, kuma kullum da yamma kwano biyu ke tsallake tsakar gida. Furera ta zubo wa Yaya nasa, Hure ta aika wa Sabiru nasa. Wannan musayar ita ce tukunya ɗaya a wajen Iliyasu, kuma ba a godiya a kanta. Wa ya taɓa gode wa tuwon gidansu? Baƙo ne ake ba abinci ya ce an gode. Mai gida wanke hannu yake yi ya ce bismillahi.

A tsakiyar daminar bara, lokacin da gero ya fid da kai amma bai nuna ba, rumbu kuma ya fara amsa kuwwa, mai unguwa ya rako wata matashiya daga Kano mai suna Khaulat. Ta zo da jaka da wata 'yar kwamfuta mai faɗin faranti. Aka shimfiɗa mata tabarma a zaure, aka gaisa.

"Baba, gara in faɗa tun da wuri, ba tallafi muka kawo ba," in ji ta. "Bincike ne. Ana tambayar gidaje abin da suke samu a shekara, a nan da Nijar da Indiya da Masar da sauransu. Sai a jera gidajen kowace ƙasa daga na can ƙasa zuwa na can sama, a auna tazarar da ke tsakaninsu, a ga a wace ƙasa ce ta fi faɗi."

"In an gani fa?"

"Sai a rubuta, Baba."

"To," in ji Iliyasu. Bai ga aibun abin ba, bai kuma ga amfaninsa ba.

"Tambaya ta farko. Mutum nawa ne ke ci daga tukunya ɗaya a nan? Mu a aikinmu wannan shi ne gida, ba katanga ba."

Wannan kam tambaya ce da ya san amsarta tun kafin a haifi mai yin ta. "Sha uku," ya ce. "Ni da iyalina takwas, ƙanena da nasa biyar."

Khaulat ta dubi kwamfutarta, ta dubi mai unguwa. "Baba, da safe na samu Alhaji Sabiru a ƙofar nan zai hau babur. Na yi masa tambayar nan. Ya ce gidansa mutum biyar ne."

Mai unguwa ya tuna yana da uzuri, ya nemi takalmansa. Iliyasu ya saurara ya ji ko ransa zai ɓaci. Shiru.

"Yaro ne," ya ce. "Bai gane tambayar ba."

Yaron da ake magana ya haura arba'in, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Khaulat ba ta yi musu ba, 'yar gidan tarbiyya ce. Ta dai yi bayani a hankali cewa in ta haɗa su, abin da shago ke kawowa zai bazu a kan mutum sha uku, gidan ya faɗo tsakiyar layi kamar kowa yana ƙoshi daidai. In kuma gida biyu ne ta rubuta ɗaya, ta ɓoye ainihin abin da aka aiko ta aunawa. Ta ce bari a ci gaba, in an zo kan abinci mai girki za ta raba gardama.

Aka bi amfanin kakar da ta wuce: damin gero talatin da takwas, wake buhu ɗaya da rabi, akuya biyu da aka sayar da salla. Komai sai ta sa masa farashi, har kukar da Hure ke tsinkowa a bayan gida. Ashe miyar da mutum ya sha a gidansa ma samu ce a wajen masu ilimi. Iliyasu ya ji abin kamar zai ba shi dariya, amma dariyar ba ta ƙaraso ba.

Sai aka kira Hure. Ta zauna a bakin ƙofar zaure ta ciki, ta ja mayafi.

"Inna, a kwana bakwai ɗin nan da suka wuce, sau nawa kika ɗora tukunyar dare?"

Hure ta dubi mijinta.

"Faɗa mata," ya ce.

"Huɗu."

"Sauran ukun fa?"

"Furera kan zubo da yawa. Sai in raba wa yara."

"Ke ma kina aika musu?"

Hure ta daɗe tana murza bakin mayafi. "Tun azumi ta ce in huta, yaranta ba sa cin tuwon gero. Kwanonta dai nake wankewa in rufe in mayar, don kada Malam ya ga ba a kai komai ba."

Iliyasu kullum yana ganin kwanon nan yana tsallake tsakar gida a hannun Hure. Kwano in yana rufe ba ya faɗin abin da ke cikinsa. Wata huɗu ke nan yana kallon murfi.

Khaulat ta danna wani abu da yatsa. Ya tambaye ta me ta rubuta. Da ta so, da ta ce ba komai, amma ba ta iya ƙarya ba.

"Akwai gurbin da ake sa irin wannan, Baba. Sunansa taimako daga wani gida."

"Wani gida."

"Haka yake a takardar kowace ƙasa. Wallahi ba ni na tsara ba." Muryarta ta yi rauni, don ta ji tausayinsa ƙwarai, har ta fi shi jin abin.

Da za ta tafi ta ciro alli. A jikin ƙofar zaure akwai lamba ashirin da bakwai da ta rubuta tun safe, shi bai ma lura ba. Ta rubuta ashirin da takwas a ƙarƙashinta, ta yi sallama.

Iliyasu ya ɗauki fartanya ya tafi gona kamar kullum. Ya yi noman kunya uku. Ya tsaya yana tunanin ko a Indiya ma akwai wani tsoho da ke zaune ƙofa ɗaya da ƙanensa, an sa ɗaya a saman layi ɗaya a ƙasa. Ya tuna hannun ubansa, busasshe, mai zafi. Ya sake saurarawa ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa. Sai dai yunwa ya ji, don rabonsa da abinci tun kokon safe.

Bayan la'asar sakaliya yana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinsa, sai ga Furera da babban kwano. Ta durƙusa ta ajiye kamar yadda ta saba shekara goma sha takwas.

"Yaya, ga abinci."

Abin da yakan ce shi ne, "To." Ta riga ta miƙe ta juya. Ya buɗe murfin: shinkafa da wake, da mai da yaji, da yawan da mutum ɗaya ba zai taɓa cinyewa ba. Yau ma Hure ba ta hura wuta ba ke nan. Yaransa suna gefe suna wasa, amma idonsu yana kan kwanon.

"Furera."

"Na'am, Yaya."

"Ki ce wa mai gidanki an gode. Allah ya saka da alheri."

Furera ta tsaya cak a tsakar gida. A madafi Hure ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Iliyasu ya wanke hannu, ya ɗebi loma uku bai ji ɗanɗanon komai ba, sannan ya tura wa yara kwanon.